Yajin Jego a Kwalbar Kirfa

Ba zan taɓa mantawa da kabewar da na tarar a kan teburin Misis Feldman ba, ranar da na fara shiga ɗakin koyon girki na makarantarmu. Ƙatuwa ce, ta nuna sosai, an ɗora mata malafa, an zagaye gindinta da busassun ganyaye. Na tsaya a bakin ƙofa ina auna tukunya nawa ta miyan taushe za ta yi. Sai daga baya na gane babu wanda ya yi niyyar cin ta. Ado ce kawai, don watan Oktoba ya kama, ganyen bishiyoyi ya yi ja yana zuba, su kuma mutanen nan haka suke murnar lokacin.

Shekara biyu ke nan da faruwar abin, ina da sha biyu a lokacin. Watanmu bakwai da zuwa New York. Muna zaune a Tremont, a cikin Bronx, hawa na huɗu, Abba yana tuƙi a wani ofishin jakadanci da ke Manhattan. Turanci ina ji, don na yi shi a firamare a Kano. Amma Turancin nan dabam yake, kamar ana watsa tsakuwa a kwano, kuma duk lokacin da na buɗe baki sai wani ya ce, "Me kika ce?" In maimaita, ya sake cewa, "Me?" Sai na rufe bakin gaba ɗaya, na koma kallo. Na san wace yarinya ce take cin farce, na san malamin lissafi safa iri biyu kawai yake da ita, na san tayil na goma sha ɗaya daga ƙofar ajinmu ya tsage. (Da ana ba da maki a kan irin wannan, da ni ce ta ɗaya.) Abin da ban sani ba shi ne yadda ake cewa mutum sannu.

Wata uku na yi ina cin abincin rana ni kaɗai a ƙarshen tebur, kusa da kwandon shara. Sai Allah ya kawo Yolanda. 'Yar ajinmu ce, iyayenta mutanen Puerto Rico, gajera, mai gashi kamar an kunce tufka, kuma bakinta ba ya hutawa. Wata rana ta zo ta dire farantinta kusa da nawa ta ce, "Wancan teburin surutu ya yi yawa, ba sa barina in yi magana." Shi ke nan. Ita ta yi zance, ni in gyaɗa kai. Ta ce ba ta taɓa samun ƙawa mai fahimta irina ba. Ni kuwa ba ni da wata sai ita, a makarantar da ma garin baki ɗaya, kuma kullum da safe ina hawa matakala ina fargabar kada yau ce ranar da za ta gano cewa gyaɗa kai kawai na iya.

To, a wannan makon na kabewa ne Misis Feldman, malamar girki, ta sanar cewa ranar Juma'a za mu yi wa iyaye karin kumallo. Bibbiyu za a haɗa mu. Abin da za a dafa shi ne wanda suke kira French toast, wato burodi ne ake tsomawa a ruwan ƙwai da madara a soya da bota. Amma namu, in ji ta, sai ya yi ƙamshin wannan lokaci: kabewa, tuffa, kirfa. Kuma wanda nasu ya fi ƙaras-ƙaras, za a manna hotonsu a allon sanarwa.

Yolanda ta damƙe hannuna kafin malama ta rufe baki. "Ni da ke. Kuma ina da sirri." Sirrin shi ne a murƙushe kwanfiles, hatsin nan da suke sha da madara da safe, a birkiɗa burodin a ciki kafin a soya. Ta ce a wurin wata maƙwabciyarsu ta gani.

Sai kuma ta rage murya, abin da ban taɓa ji ta yi ba. Ta ce, "Abuela za ta zo."

Abuela kakarta ce, haka suke kiran kaka da yarensu. Ita ta riƙe Yolanda tun tana jaririya. A wani gidan wanki da guga take aiki, kuma ba ta taɓa zuwa wani taron makaranta ba, ko sau ɗaya, don ba a barinta. Wannan karon ta roƙi wata abokiyar aikinta suka yi musayar rana.

"Na ji daɗi abin zaƙi ne," in ji Yolanda. "Likita ya hana ta yaji. Cikinta ba ya so, ko kaɗan ta ci sai ta kwana biyu tana riƙe da nan." Ta dafa saman cikinta. "Zan kawo burodi da kwanfiles, makaranta za ta ba da ƙwai da madara. Ke kuna da kirfa a gida?"

Na gyaɗa kai. Me kuma zan yi?

Kuma ban yi ƙarya ba, a iya sanina. Na ga kwalbar a kabad ɗin kicin, 'yar ƙarama mai jan murfi, da hoton sandunan kirfa a jikinta. Amma a nan ya kamata in tsaya in yi wa kaina shari'a, domin ni 'yar gidanmu ce, na san halin kwalaben Umma. Umma ba ta taɓa yar da mazubi ba. Kwalbar kofi, kuka ce a ciki. Robar bota, daddawa. Gwangwanin madara, allura da zare da maɓallai. In baƙo ya shiga kicin ɗinmu ya bi abin da aka rubuta, sai ya sha shayi da kanwa. Duk na san wannan. Ni da nake ƙirga tayil. Amma kwalbar sabuwa ce fil, garin da ke ciki ruwan ƙasa ne mai ɗan ja, daidai da hoton, sai na yarda da ita.

Me ya hana in tambaya? Umma tana jego a lokacin, sati uku da haihuwar ƙanina Sadiq, ba ta da lokacin kanta. Sannan na san abin da za ta ce: "Burodi da ƙwai har sai an je makaranta an koya?" Daga nan sai ta ce me ya sa ban gaya mata an gayyaci iyaye ba, ni kuwa da gangan na ɓoye takardar, don kada Abba ya zo da babbar riga kowa ya juyo yana kallonmu. (Allah ya yafe min wannan ma.) Ranar Juma'a da safe, tana ɗaki tana shayar da yaro, na ɗauke kwalbar na jefa a jaka, na ce, "Umma na tafi," na ja ƙofa.

Ɗakin girkin yana da murhu goma na lantarki, kowanne da teburinsa. Namu na kusa da taga. Misis Feldman ta ɗaura mana farin ƙyalle a gaba, ta karanta dokoki: a wanke hannu, kada a yi gudu, kuma babu mai ɗanɗana komai sai baƙi sun zo. Ɗanyen ƙwai, in ji ta, yana sa ciwo, dafaffen kuma na iyaye ne. Sannan ta ɗauko gwangwani ta fasa, ta zuba wa kowa cokali biyu na niƙaƙƙiyar kabewa. Ga kabewa ta gaske a zaune da malafa tana kallonmu, mu kuma muna cin ta gwangwani.

Yolanda ta fito da burodinta, mai kauri, wanda ya kwana, don kada ya sha ruwa ya dagargaje. Ni na fasa ƙwai uku a kwano, ba tare da ko ɓawo ɗaya ya faɗa ba, na zuba madara da sukari da kabewar, na kaɗa. Har na fara jin kaina wata ce. Ita kuma ta zuba kwanfiles a leda tana dukansa da gindin kofi.

"Kawo kirfar," ta ce.

Na miƙa mata. Takardar malama ta ce ƙaramin cokali ɗaya. Yolanda ta cire murfin, ta cire ɗan marfin ciki mai huji-huji, ta zura babban cokali. "Abuela tana son kirfa," ta ce. Ɗaya. Biyu. Ta ɗan yi tunani. Uku.

Kafin cokali na farko ya taɓa ƙwan, hancina ya riga ya gaya min.

Citta. Kanumfari. Kimba. Masoro. A ƙarƙashinsu kuma, a kwance kamar maciji a ciyawa, barkono. Yajin jego ne. Wanda Hajiya, mahaifiyar Umma, ta daka da hannunta a Kano ta ba wani matafiyi ya kawo a ƙulle cikin leda uku, wanda Umma take barbaɗawa a farfesu kullum tana gumi tana cewa yana gyara mata jiki. Ni sau ɗaya na taɓa lasar sa a kan yatsa, sai da na sha ruwa kofi biyu. Cokali uku. Manya.

Ga abin da ya kamata in yi: in ce, "Tsaya." Kalma ɗaya. Ƙwai yana nan da yawa a firiji, kirfa kuwa kowane tebur akwai, a ba mu aro. Da an zubar an sake, da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Na buɗe baki. Daidai lokacin Yolanda ta ɗaga kwalbar sama ta ce wa 'yan teburorin da ke kusa da mu, "Tamu kirfar ba irin taku ba ce. Daga Afirka take, ta asali." (Ban taɓa ce mata haka ba. Ita ta tambaya, ita ta ba kanta amsa.) Yara huɗu suka juyo suna kallona. Sai na ga kaina ina bayani da Turancina: cewa ba kirfa ba ce, cewa a gidanmu abin da ke jikin kwalba dabam, na ciki dabam, cewa wannan na matar da ta haihu ne. Na ji "Me kika ce?" tun kafin a faɗa. Na mayar da bakina na rufe. Na ce a raina bari su juya tukuna.

Suka juya. Yolanda ta riga ta tsoma burodi na farko.

Na ce to bari malama ta zo, ita babba ce, hancinta zai gane. Misis Feldman ta iso teburinmu, ta sunkuya kan kwanon, ta ja numfashi, ta lumshe ido. Zuciyata ta ce alhamdu lillahi. Sai ta buɗe ido ta ce, "Citta nake ji, da kanumfari. Wa ya yi wannan dabara?"

Yolanda ta nuna ni.

"Kin gani," in ji malama, ta dafa kafaɗata. "Masu shiru su ne masu basira. Wannan shi ne ainihin ƙamshin Oktoba."

Yau wata bakwai babu malamin da ya yabe ni a gaban mutane. Na yi murmushi. Wallahi na yi murmushi. Wannan murmushin har yau in na tuna shi sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

Muka birkiɗa yanka shida a garin kwanfiles. Yolanda ta narka bota a kasko, ta jera uku. Suka fara soyuwa. Ni ce mai juyawa, kuma ban taɓa ganin abu ya yi kyau a kasko irin wannan ba: gefensa ya yi ruwan zuma, samansa ya yi ɓawo, in na taɓa da cokali sai ya ce ƙaras. Ɓawon nan shi ya rufe min asiri, ya kulle barkonon a ciki. Amma ba duka ba. Ɗan hayaƙin da ya tashi ya isa teburin baya, wani yaro ya fara tari. Sai wata yarinya. Yolanda ma ta murza hanci. Misis Feldman ta dubi bututun ɗumama ɗaki ta ce kullum haka yake in an kunna shi farkon sanyi, ƙura ce. Ta buɗe taga. Iska ta kwashe shaidata ta ƙarshe ta fita da ita titi.

Na fara addu'a Yolanda ta saci loma. Ta kai hannu kuwa, ta gutsuri ɗan ɓawon gefe, malama ta ce, "Yolanda," ba tare da ta juyo ba. Ta ajiye.

Na yi tunanin in bar na biyun su ƙone. Hannuna ya ƙi, ya juya su a kan lokaci. Na yi tunanin in cinye shidan ni kaɗai. Na yi tunanin in faɗi sumammiya, amma ban san yadda ake yi ba tare da an ji ciwo ba. Muka soya yankakkiyar tuffa da sukari muka jera a kai, har da ɗan ganye ja da Yolanda ta tsinto a hanya ta wanke ta ajiye a gefen faranti. Ta ja baya ta dube shi ta ce, "Mun ci, ƙawata. Dubi na su wancan, kamar tsumma a ruwa."

Ƙarfe goma aka buɗe ƙofa iyaye suka shigo.

Ban buƙaci a nuna min Abuela ba. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, ta sa rigarta ta zuwa coci mai shuɗin fure, an goge ta har hannun yana da kaifi, ta rungume jaka da hannu biyu. Na lura da hannuwan: sun yi ja, sun tsattsage a gaɓoɓi, sabulu ya cinye su. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar yadda na tsaya ranar farko, tana neman inda za ta sa kanta. Yolanda ta manta da dokar gudu, ta je ta jawo ta.

Tsohuwar ta dube ni, ta kama kumatuna da hannun nan mai kaushi. Turancinta bai fi nawa ba, wataƙila shi ya sa na ji kowace kalma. Ta ce, "Ke ce ƙawar da ba ta magana. Kullum sai na ji labarinki. Na gode, 'yata, kina haƙuri da wannan aku."

"Abuela," in ji Yolanda.

"Ƙarya na yi? Tun tana ciki take surutu."

Aka ce in ɗauko farantin. Taku bakwai ne daga murhu zuwa inda ta zauna, kuma a kowane taku ina gaya wa hannuna ya saki. Faranti ya faɗi, a yi min dariya ta minti ɗaya, a wuce wurin. Amma Umma ta horar da ni ɗaukar tire tun ina shekara shida, da gargaɗin abin da zai same ni in na zubar a gaban baƙi. Na kai shi lafiya, na ajiye da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

Yolanda ta tsiyaya mata ruwan zaƙin nan mai kama da zuma. Abuela ta yi alamar addu'arsu, ta yanka, ta kai baki. Ƙaras. Har teburin kusa sai da suka ji.

Ta tauna sau uku. Ta tsaya.

Na ga kunnenta ya fara ja, daga ƙasa ya hau sama. Na ga ɗigon gumi ya fito a saman leɓenta. Ta ɗora hannu a kan jakarta ta matse. Idonta ya cika da ruwa. Ta dubi Yolanda, wadda ta haɗa hannu a ƙirji tana jira, sai ta haɗiye, ta yi murmushi ta ce, "Ya yi daɗi, 'yata."

Ta sake yanka wani.

Hawaye ya gangaro mata. Yolanda ta gani, sai nata idon ya kawo ruwa, ta ce, "Kuka kike yi? Abuela, burodi ne fa kawai." Ta rungume wuyanta, ta juyo gare ni tana dariya tana share fuska. "Kin gani? Ba ta taɓa kuka don abin da na yi ba." Tsohuwar tana bubbuga bayanta da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana kai loma ta uku. Ni ina tsaye da farin ƙyalle a gaba, na san komai, ina kallon tsagewar hannunta.

Ban san inda abin zai tsaya ba da mataimakin shugaban makaranta bai iso ba. Shi ne alƙalin gasar, wani ƙaton mutum mai tumbi, yana bin tebur-tebur da cokalinsa da kofin kofi. Ya dubi namu ya ce, "Wannan kam ko ba a faɗa ba." Ya yanki rabin guda ya tura gaba ɗaya.

Shi ba kakar kowa ba ne, ba shi da dalilin haƙuri. Ya yi wani tari da ya sa ɗakin ya yi tsit. Ya kurɓi kofinsa, mai zafi, abin ya ƙaru. Ya fizgi kwalin madarar da muka rage ya kafa kai, tana zuba a kan laktayensa. Misis Feldman ta rugo tana dukan bayansa, ta zaci shaƙewa ya yi. Ya kaɗa hannu, ya nuna farantin, da ƙyar ya ce, "Wuta."

Malama ta ɗauki kwalbar mai jan murfi, ta buɗe, ta kai hanci sosai wannan karon. Atishawa uku a jere. Sannan ta juyo gare ni, da ita da yara ashirin da iyayensu.

"Mene ne wannan?"

Kalma ɗaya ta gagare ni ɗazu a gaban mutum huɗu. Yanzu a gaban mutum arba'in sai ga murya ta fito, tsaf, babu wanda ya ce in maimaita. Na ce, "Yaji ne. Na mahaifiyata. Ana ba matar da ta haihu."

Sai wani yaro daga baya ya dubi tumbin mataimakin shugaba ya ce, "Barka, Malam. Mace ko namiji?"

Ɗakin ya fashe. Har iyaye, har Misis Feldman da ta rufe baki da ƙyalle. (Mako guda yara suna yi wa bawan Allahn nan barka a matakala.) Mutum uku ne ba su yi dariya ba: ni, da Yolanda, da Abuela, wadda ta ajiye cokalinta a hankali a kan faranti. Babu ko ɓurɓushi. Ta cinye yankanta tas.

Bayan iyaye sun tafi aka bar mu da wanke-wanke. Yolanda tana wankewa ina ɗaurayewa. Ba ta ce komai ba har muka gama kwanuka, kuma ban taɓa sanin shirun wani yana da nauyi haka ba, ni da nake ɗora wa mutane nawa kullum. Da muka zo kan kasko ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin sani?"

Na gyaɗa kai.

"Kada ki gyaɗa min kai. Kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da kika buɗe kwalbar."

Ta kashe famfo. "Na gaya miki cikinta. Ke kaɗai na gaya wa." Ta tsane hannu a ƙyallenta, ta cire shi ta ninke, abin da ba ta taɓa yi ba. "Da kuskure ne da yanzu muna dariya. Tsayawa kika yi kina kallo." Ta ɗauki jakarta ta fita.

A gida na tarar Umma ta birkice kabad tana nema. Na fito da kwalbar na ajiye, saura rabi. Na faɗa mata komai a tsaye, har da takardar gayyatar da na ɓoye. Da na zo kan mataimakin shugaba sai ta juya baya tana gyara zanen goyo, kafaɗarta tana rawa. Da na zo kan Abuela sai ta juyo, babu sauran dariya.

"Tsohuwa ce?"

"E."

"Ba ta da lafiyar ciki, kuma ta cinye? Duka?"

"Duka, Umma."

"Don kada ta kunyata jikarta." Ta jijjiga Sadiq. "Wannan mutuniyar kirki ce. Ke kuma kin tsaya kamar turmi. Kunya aka ce ki ji, ba a ce ki zama bebiya ba. Gidanta za ki je, ki durƙusa ki ba ta haƙuri."

"Umma, a nan ba a durƙusawa."

"A nan kuma ana ba tsofaffi yajin jego? Za ki je."

"Ban san gidan ba."

"Kina da baki. Na ji an ce ya buɗe yau."

Ranar Lahadi, duk da jegonta, ta zauna a kujera ta sa ni na murza cincin, ta soya da kanta, ta zuba a wani gwangwani mai hoton biskit. Ina yankawa ina tunani. Ni dai a da na ɗauka shiruna ba ya cutar da kowa, nawa ne ni kaɗai, kamar aljihu. Ashe yana iya sa tsohuwa ta kwana biyu riƙe da ciki. Darasin da na samu ke nan, kuma ya zo da ƙaramin ƙaninsa: a gidan Bahaushiya, ka yarda da hancinka, kada ka yarda da kwalba.

Ranar Litinin da rana na shiga ɗakin cin abinci da gwangwanin a hannu. Yolanda ba ta wurinmu. Tana tsakiyar teburin masu surutu, ta ba ni baya. Wani ya hango ni ya yi tarin ƙarya, wasu suka tuntsire. Ƙafata ta ce mu koma kusa da kwandon shara, mun san wurin. Na ja ta muka wuce, har na tsaya a bayan kujerar Yolanda. 'Yan teburin suka ɗago ɗaya bayan ɗaya suna kallona.

Ta juyo. Ba ta yi murmushi ba, amma ba ta kau da kai ba. Ta dubi gwangwanin, ta dube ni.

"Yaya jikin Abuela?" na ce.

"Jiya ta fara cin abinci." Ta nuna gwangwanin da haɓa. "Biskit ne?"

"A'a."

"Na sani ai."

Na ajiye shi a gabanta na buɗe murfin. Na ce, da ƙarfi yadda ba sai na maimaita ba, "Ina so ki kai ni gidanku yau in an tashi, in ba ta haƙuri. Wannan mahaifiyata ce ta soya mata. Amma don Allah, Yolanda, ki fara ɗanɗanawa kafin mu kai mata."